Darasi A Kan Sauya Wa Tsohuwar Mota Inji

A hutun da ya wuce, sa'ad da muka koma gida Koki cikin birnin Kano, mun tarar ana shirin wani aiki a kangon da ke jikin gidan maƙwabcinmu, aikin da ya hana mu zaman zaure har kwana shida. Aikin kuwa shi ne a cire wa wata tsohuwar mota injinta a sa mata wani dabam. Tun da yake malamanmu sun sha horonmu da cewa abin da muka gani da ido mu rubuta shi, kada mu bar wa ka, sai muka ɗauki littafi da fensir muka roƙi izini a bar mu mu tsaya. Ga abin da muka samo, mun tsara shi kashi-kashi domin 'yan'uwanmu ɗalibai su duba, malamanmu kuma su gyara mana inda muka kauce.

1. Motar da mai ita

Koki unguwar fatake ce, ta saba da ɗaukar kaya tun kafin mota ta zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya zauna a wannan shiyya har ya rasu a 1955, suka yi ta tara gyaɗa daga ƙauyuka. Da fari jakuna da raƙuma ke kawo ta, daga baya manyan motoci suka karɓe su. Tun daga lokacin mutanen wannan gefe suka san cewa mota dukiya ce, in ta kwanta arzikin gida ya kwanta.

Motar da muke magana a kanta Peugeot 404 ce, akori-kura, irin wadda mutane ke kira Fijo. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka yi ta fitar da 504 har 2006. Shi ya sa har yau kayanta ba su yanke ba, kanikawan da suka san cikinta kuwa suna nan da yawa. Mai motar magidanci ne, ya gaje ta daga mahaifinsa, yana ɗauko hatsi da ita daga kasuwar Dawanau zuwa cikin gari. Da wannan mota yake ciyar da iyali, da ita yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Kuɗin sabon injin ma kwasar adashi ya yi, ya haɗa da rance wajen wansa. Saboda haka aikin nan ba na sha'awa ba ne. In ya ɓaci, gida guda ya shiga uku.

Wanda ya jagoranci aikin wani dattijon bakanike ne, ya daina zuwa gareji saboda shekaru, amma hannunsa bai mance ba. Yana da yara biyu masu koyo, kowa kuma Baba yake ce masa.

2. Abin da ke faruwa cikin inji

Kafin a gane dalilin sauya inji, sai an san aikinsa. Injin irin wannan mota yana da silinda huɗu, watau ramuka huɗu kamar turame, cikin kowane akwai fistin mai hawa da sauka kamar taɓarya. Fistin yana tafiya huɗu kafin aiki ɗaya ya cika. Tafiya ta fari ya sauka ya shaƙo iska gauraye da fetur. Ta biyu ya hau ya matse su. Ta uku filogi ya ba da tartsatsi, fetur ya kama, zafin ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Ta huɗu ya sake hawa ya kori hayaƙi waje. Cikin huɗun nan ta uku kaɗai ke ba da ƙarfi, sauran ukun hidima suke yi mata. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya fito da injin da ke aiki bisa wannan tsari a 1876, har yanzu kuwa bisa gare shi yawancin motoci ke tafiya.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun yanzu, gama za mu komo kansa. Ba dukan zafin fetur ke zama tafiya ba. Kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne zuwa ɗaya cikin uku ke juya ƙafafu. Sauran, wani ya bi hayaƙi ta salansa, wani kuma ya shiga ƙarfen injin, sai ruwa ya ɗauke shi ya kai lagireto iska ta sha. Ashe ke nan inji murhu ne da ke aiki, lagireto kuwa shi ke hana murhun cinye kansa.

3. Gyara ko sauyawa

Tsohon injin ya nuna alamun gajiya duka. Yana fitar da shuɗin hayaƙi, alamar baƙin mai na haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Yana ƙwanƙwasa daga ƙasa in an taka shi. In an yi lodi kuwa, gangara kaɗai yake so.

Muka tambayi dattijon, muka ce, "Baba, me ya hana a gyara wannan ɗin?" Ya ce da ma gyara ya fi sauyawa in da hali, domin injin Fijo na wannan zamani an yi shi ne yadda za a iya zare hannun rigar kowace silinda a sa sabo, da fistin da ringi, ya koma kamar jiya aka yi shi. Amma wannan an riga an yi masa haka har sau biyu. Ƙarfen nan mai gwiwoyi da fistin ke juyawa, wanda kanikawa ke kira karanshaf, an fiƙe shi har ya kai iyaka, ga kuma tsaga a jikin gangar injin inda ruwa ke tsattsafowa. Ya ce, "Riga in ta mutu a wuya ana yi mata ƙari, in ta mutu ko'ina sai a nemi wata."

Injin 404 mai lafiya ya yi wuyar samu, na 504 kuwa yana nan. Dangi ɗaya ne, dukansu a kishingiɗe suke zaune cikin mota, sun karkata gefe guda. Saboda haka aka yanke shawara a kan na 504.

4. Lissafin girman inji

A nan ne karatunmu ya yi rana. Ana auna girman inji da yawan abin da fistin huɗu ke sharewa a tafiya ɗaya. Silinda kuwa siffar gwangwani gare ta, mun san ƙa'idarta tun a aji: a ɗauki rabin faɗin baki a riɓa shi da kansa, a riɓa da 22 bisa 7, sa'an nan a riɓa da tsawo.

Injin 404 faɗin silindarsa santimita 8.4 ne, tafiyar fistin 7.3. Rabin faɗi 4.2, in an riɓa da kansa 17.64. A riɓa da 22 bisa 7, a sami 55.44. A riɓa da 7.3, a sami 404.7. A riɓa da silinda huɗu, a sami 1618.8. Maƙeran sun rubuta 1618, ɗan bambancin kuwa ya zo ne domin 22 bisa 7 ya ɗara ainihin adadin da kaɗan.

Injin 504 da aka sayo faɗinsa 8.8 ne, tafiyarsa 8.1. In an bi hanyar nan za a sami 492.8 ga silinda ɗaya, 1971 ga huɗun, watau kusan lita biyu. Bambancinsu 353 ke nan. Sabon ya fi tsohon da abin da ya haura kashi ɗaya cikin biyar. Muka karanta wa dattijon wannan, ya yi murmushi ya ce shi bai san lissafin ba, amma ya san doki in ya fi girma ya fi ci, ya fi kuma shan ruwa. Mai motar ya yi jim, don tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowane direba ke ƙirga lita kamar yadda uwargida ke ƙirga mudu. Sai dai an nuna masa cewa inji mai lafiya, ko da ya fi girma, ba lalle ya fi gajiyayye ɓarnar mai ba.

5. Sayen inji

An tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan mota sababbi da na hannu. Dattijon ya ƙi a yi cinikin biri a sama. Ga abin da ya duba, bi da bi. Ya sa sufana ya juya injin da hannu, ya ji ko yana juyawa sumul, yana kuma turjewa sau huɗu daidai wa daida. Ya kwance filogi huɗun ya jera su: mai launin ƙasa-ƙasa lafiya, mai baƙin maiƙo alamar ringi ya ci. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, domin in an ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai ke nan. Ya sa aka ɗaura batir aka auna matsin kowace silinda da agogon awo, ya ce ba yawan matsin kaɗai ake dubawa ba, a duba kada ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta. Inji biyu ya ƙi kafin ya yarda da na uku. Daga ƙarshe ya goge lambar da ke jikin injin ya sa aka rubuta ta cikin rasit, da sunan mai sayarwa da lambar rumfarsa.

6. Abubuwa biyar da ake aunawa

Kafin a kwance ko noti ɗaya, dattijon ya ce inji baƙo ne, sai an tambayi mutanen gida biyar ko za su zauna da shi.

Na fari, mazauni. A auna tsawo da faɗi da tsayi, a ga ko kujerun injin za su faɗa inda na da suke, ko murfin gaba zai rufu, ko kaskon mai na ƙasa zai taɓa ƙarfen da ya gitta.

Na biyu, giya da kuloci. Tilas bakin akwatin giya ya dace da bayan injin, ramukan kusoshi su yi daidai, haƙoran sandar giya kuma su shiga cikin faifan kuloci. A nan aka yi sa'a, gama giyar 404 ta ƙarshe-ƙarshe irin ta 504 ce.

Na uku, ruwa. Inji mafi girma ya fi haifar da zafi, saboda haka yana bukatar lagireto daidai da shi.

Na huɗu, wuta. A duba ko abin cajin batir na sabon injin iri ɗaya ne da na tsohon, a kuma haɗa wayar agogon zafi da ta fitilar mai, domin su ne bakin da inji ke magana da direba.

Na biyar, burki. Wanda ya ƙara wa mota ƙarfin tafiya bai ƙara mata ƙarfin tsayawa ba, ya sayi doki ne ya mance da linzami.

7. Yadda aka yi aikin

Lungunan Koki ƙunci gare su, sai da aka turo motar da hannu aka shigar da ita kangon. Yaran suka so a rataya sarƙa a reshen darbejiya, dattijon ya hana, ya ce inji ya fi babban buhun hatsi nauyi, reshe kuwa ba ya sallama kafin ya karye. Aka aro bututun ƙarfe uku aka kafa su kamar duwatsun murhu, aka rataya sarƙar ɗagawa a tsakiya.

Ran fari aka cire wayar batir, ta jikin mota tukuna, aka tsiyaye ruwa da baƙin mai. Man nan ba a zuba shi a kwata ba, an tara shi a jarka, don kwatar unguwa Jakara take gangarawa, ga kuma rijiyoyi a gidaje. Aka aika cikin gida a gaya wa mata kada a hura wuta kusa da katangar, saboda tururin fetur yana bin ƙasa ya tarar da wuta inda take. Kowace waya aka cire sai a ɗaura mata ƙyalle a rubuta sunanta, wannan aiki kuwa mu aka ba. Kusoshi kuma kowane rukuni da gwangwaninsa.

Rana ta biyu aka ɗaga motar aka tokare ta da kututture, gama ba a shiga ƙarƙashin mota bisa amanar jak kaɗai. Aka raba inji da giya, aka zaro tsohon. Rana ta uku aka wanke mazaunin, aka sa sabon faifan kuloci, domin wauta ce a rufe tsoho a wurin da ba a kai wa sai an sauke inji. Aka daidaita faifan a tsakiya da guntuwar tsohuwar sandar giya. Rana ta huɗu aka sauke sabon injin sannu-sannu. Ya ƙi shiga da kamar faɗin yatsa biyu, wani yaro ya ce a ja shi da kusoshi. Dattijon ya ce, "Kul! Abin da bai shiga da lallashi ba, in ka tilasta shi sai ka fasa bakin giya." Aka ɗan juya injin da sufana, haƙora suka sami juna, ya zauna da kansa. Kujera ɗaya ta kauce kaɗan, aka kai wa mai walda ya yanko farantin ƙarfe mai kauri aka huda aka gyara mata zama.

Rana ta biyar mai gyaran waya ya zo. Aka jera wayoyin filogi bisa ƙa'idar tashinsu, 1, 3, 4, 2. Aka zuba mai da ruwa, aka juya injin ba wuta har fitilar mai ta mutu, sa'an nan aka tayar. Ya yi tari sau biyu ya kama. Yaran unguwa suka yi sowa. A fili aka yi wannan, don hayaƙin mota yana da guba marar wari mai kisa a rufaffen wuri.

8. Inda aka yi kuskure

Cikin mutanen gida biyar ɗin nan, huɗu aka sallama. An sauya takalman burki, an gyara waya. Amma da aka zo kan lagireto kuɗin mai motar ya ƙare. Dattijon ya ce a jira a sami babba. Mai motar ya ce, "Baba, yau kwana biyar ban shigo da ko kwabo ba, ga mai adashi na jira. A mai da tsohon, in na yi lodi biyu sai in saya." Ba mu ga laifinsa ba, gama mai iyali ba ya ganin kwana biyar kamar yadda mai kallo ke ganinsu. Wani yaro ya kawo shawara a cire 'yar ƙofar nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, kamar yadda kanikawa da yawa ke yi. Dattijon ya ƙi, ya ce cire ta ba ya ƙara wa lagireto girma, sai dai ya sa inji ya daɗe da sanyi da safe ya yi ta cin kansa.

Rana ta shida aka tafi Dawanau, muna gaba tare da direba. Zuwa lafiya lau, motar ba kaya, ga sanyin safiya. Da aka yi lodi aka juyo da azahar, rana ta take, ga cunkoso a hanyar Katsina, sai muka ga allurar zafi tana hawa. A bazarar Kano zafin iska kan wuce awo 40, lagireto kuwa da iskar waje yake huce ruwa, in iskar da kanta ta yi zafi aikinsa ya ragu. Tsohon lagireton an yi shi ne domin ƙaramin inji, ga shi kuma rabin hanyoyinsa sun toshe da tsatsa. Mai motar ya so ya lallaɓa ya ƙarasa, muka tuna masa abin da dattijon ya faɗa, cewa kan injin nan na alminiyam ne, gangarsa ta baƙin ƙarfe, in zafi ya wuce kima kan yakan lanƙwashe ya ƙone abin da ke tsakaninsu. Ya ratse ya kashe. Ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto muka riƙe shi, domin ruwan da ke cikin matsi yakan wuce zafin tafasa bai tafasa ba, da an buɗe sai ya yi tsiri ya sule fuska.

Aka sauke kayan aka ba wata mota, kuɗin lodin ranar ya tafi, aka jawo tamu da igiya. Dattijon ya auna matsin silinda ya ga ba abin da ya taɓu. Da an ƙara mil biyu, in ji shi, da sai an sauke kan injin. Wan mai motar ya ƙara rance, aka sayo lagireton 504 aka gyara masa mazauni. Kafin hutunmu ya ƙare motar ta yi sawu goma sha ɗaya allura ba ta wuce tsakiya ba.

9. Takarda

Saura abu guda wanda ba na sufana ba. Lambar inji tana rubuce cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji bai je ofishin lasisi an gyara ba, takardarsa na faɗin abu ɗaya motarsa na faɗin wani, ran da aka bincika kuwa sai ya rasa bakin magana, har a zarge shi da sayen kayan sata. Rasit ɗin nan da aka rubuta a Ƙofar Ruwa shi mai motar ya kai aka gyara masa.

10. Abin da malami zai ɗauka

Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, mun ga lissafin gwangwani da muke ƙyama a aji shi ne ya faɗi abin da zai faru a hanyar Dawanau tun ba a tashi ba: an ƙara wuta da kashi ɗaya cikin biyar, ba a ƙara ruwa ba. A ajinmu ba za a rasa ɗan bakanike ko ɗan direba ba. In mun kai su garejin unguwa da igiyar awo, za su riƙe ƙa'idar fiye da in mun rubuta ta a allo. Ga tambayoyi huɗu da za a iya ba 'yan aji:

1. Akwai wani injin 504 mai faɗin silinda 8.4 da tafiyar fistin 8.1. Nawa ne girmansa, da nawa kuma ya fi na 404?

2. Cikin tafiya huɗu na fistin, wace ce ke ba da ƙarfi, mene ne kuma aikin sauran?

3. Don me motar ta je Dawanau lafiya amma ta yi zafi a komowa? Kawo dalili uku.

4. In kai ne mai motar, kuɗinka ya isa abu ɗaya kaɗai, burki ko lagireto, wanne za ka fara saya, kuma yaya za ka yi da motar kafin ka sami na biyun?

Iyakar abin da muka gani ke nan. Muna gode wa dattijon da ya haƙura da tambayoyinmu, da mai motar da ya yarda a rubuta kuskurensa domin wani ya amfana. Wanda ya ga wurin gyara cikin lissafinmu, muna roƙo ya aiko wa wannan shafi.